Duban Wata Cikin Baƙin Zane

Ni wallahi ban nemi aikin ga ba, jawo ni anka yi. Ina zamne abina tashar Jega bisa kabu-kabuna, ina ɓarar gyaɗa ina tsokanar 'yan kamasho, sai ga Kawu Ummaru, ƙanen innata, mai aiki ɗakin duban ido. Yat tsaya bisa kaina awa hadari.

Yac ce, "Nasiru, tashi. Akwati guda za ka kai min Maiyama."

Nic ce, "Kawu, ga mota can tana lodi."

Yac ce akwatin ba shi son girgiza, kuma Inna ta ce in na ƙi, in nemi wurin cin tuwo. Ashe su biyu sun gama ƙulla min. Wai tasha na lalata ni. Ni da nike ganin ni ka gyara tashar!

To ga shi yau ni ka koya muku, ku da anka kawo jiya da takardunku sabbi. Kai Mubarak, da kunnena nij ji ka kana ce ma abokinka, "Ai danna maɓalli na kawai, na'ura ka yin sauran." Madalla da kai. Gyara zama in ba ka labarin maɓallin.

Abin da ke cikin akwatin nan kamara ta, ta riƙewa ga hannu, da bakin roba da ake kihewa bisa ido. Ba hoton huska take ɗauka ba, can bayan ido take leƙawa. Ranar da Kawu yan nuna min hoton farko na ɗauka lemu na anka haska da tocila: ja-ja, da jijiyoyi sun bazu awa saiwar gero. Dokta, matar da ke shugabantar binciken, ita tay yi min bayanin da yash shiga kaina, ni da makaranta tak kore ni tun ban kore ta ba. Tac ce ido da ƙwaƙwalwa maƙwabta na, katanga guda gare su. Abin da ke cin jijiyoyin kai shina barin sawu ga na ido, kuma ido kaɗai na wurin da ake ganin jijiyar mutum ba a tsaga shi ba. Abin da suke bincike, ko na'ura na iya gane sawun ciwon mantuwa na tsohwahhi tun bai yi nisa ba.

Ita mai ganewar tana cikin waya. Masu rediyo na ce mata ƙirƙirarriyar basira. Mu Gwaggo muke ce mata, don ba a yi mata daidai. Ka aika mata hoto, in ta ba ka ja, sake ɗauka. Kore, ba ta ga komi ba. Rawaya, kai shi ga likita. Kuma Dokta ba ta gajiya da hwaɗi: Gwaggo ba ta yanke ma kowa hukunci, nuni take yi, kuma har yanzu gwada ta ake, don da idanun mutanen nesa anka koya mata, namu tana kan sabawa.

Mutum na farko da niɗ ɗauka da hannuna wani mahauci na, nan bakin kasuwar Jega, da rana tsaka. Niz zamnar da shi bisa benci, nik kihe mai roba, nid danna. Ja. Nis sake. Ja. Har mahaucin yac ce, "Yaro, in idon kake so ka hwaɗi, wuƙata na kusa." Kawu na gehe shina dariya, ya bar ni in sha. Sannan yac ce, "Sakarai, dubi baƙin idonai." Nid duba. Ɗan ramin nan na tsakiya ya tsuke awa ƙwayar gero. Rana ka tsuke shi, duhu ka buɗe shi, kuma ta ramin nan kamara ke leƙawa. Ku a takarda anka ce muku "a shiga ɗaki mai duhu". Ina za ka samu ɗaki mai duhu tsakiyar kasuwa? Maganin ɗigawa na buɗe ido kuwa ba aikinmu ba na, sai likita, kuma in an ɗiga ma mutum ba shi iya hawan mashin ɗinai shi koma gida. Wa zai yarda?

Ni nis samo dabarar, ba na ɓoye alherina. Nis sato tsohon baƙin zanen Inna, mai kauri, nil luluɓe kaina da na mai ido tare, awa masu hoton zamanin da. Mu zamna ciki ina yi mai zancen banza har ramin shi buɗe. Ga shi nan cikin jikka, har yau shi na. Kada wanda yak kuskura shi goge hanci da shi.

Akwai wata tsohuwa Gumbin Kure da tak koya min ba kowace matsala ta haske ta ba. Ta sha kwalli har kunne, don ta ji an ce hoto. Roba tat taɓa ta, gilashin kamara yay yi baƙi, Gwaggo tac ce ja. Nig goge da auduga, nir roƙe ta ta wanke. Ta wanke, sai ga ta biyu: ba ta duban namiji cikin ido, ko da jikanta na. Cikin kamara akwai ɗan koren haske da ake son mutum shi kahe ma ido, ita kuwa ƙasa take kallo. Sai da nic ce, "Kaka, ni ba namiji ba na, ɗan tasha na, mu ba a ƙidaya mu," tak kwashe da dariya, tad dubo, nid danna. Kore. Aliero kuwa lokacin cirar albasa, kada ka kahwa benci kusa ga runhwar masu gyara ta. Kowane ido ruwa shike zuba, hoto shi hito awa an ɗauke shi cikin gulbi. Bi iska, ka zamna inda take hitowa. Wanga duk shina takardarku? Babu.

Sai shekarar da ba ni son tunawa. Wani dattijo mai sai da hatsi yas samu rawaya, anka gan shi ya shiga wurin Dokta. Kahin la'asar magana ta kai teburin mai shayi, tac canza riga: wai mun zo da kamarar da ke hwaɗin wanda zai haukace. Shi ke nan. Wane ɗan kasuwa zai yarda a ce kainai ya hwara juyawa? Wane malami? Munka kahwa benci Birnin Malam tun hantsi, awaki kaɗai sunka zo. Yara na bi na suna "Mai kamarar hauka!" Abokaina na tasha in na iso sai su ruhe ido da hula. Ga damina ta cinye hanya, ga batir ya kumbura. Dokta tac ce in mutane ba su zo ba, binciken nan yankinmu ya mutu, a kwashe kaya. Tun ran nan munka kahwa doka: abin da Gwaggo tac ce na mai ido na shi kaɗai, bayan labule. Ku riƙe wagga ko kun mance sauran.

Cikin wanga hali anka kira mu Jandutsi.

Akwai wani tsohon malamin allo can, Malam Garba, ana ce mai Mai-Wata. Tun shina saurayi shi ka duba ma garin jinjirin wata. In ya ce ya gani, a kai labari gaba ba shakka. In ya ce bai gani ba, ko gari duka ya rantse, ba shi canzawa. To tsuhwa taz zo mai da wani abu. Shi ci tuwo shi ce ba a ba shi ba. Shi hita masallaci shi ɓace bayan gidanai. Shi kai tsakiyar sura shi tsaya shina duban yara.

Babban ɗanai, Alhaji Bello, dilan albasa na Aliero, ƙato, mai murya awa lasihika. Shi yag gama binciken nashi tun kahin namu: asiri na. Wa yay yi? Malam Sahabi, babban ɗalibin tsohon, wanda yat tashi gidan tun shina ƙarami, shi ka ba shi abinci, shi ka riƙe makarantar. Wai don shi gaji makarantar yaj juya ma tsoho kai. Alhaji yar rantse cewa da an idar da sallar Juma'a mai zuwa, Sahabi zai bar gidan da garin, shi da matatai da ɗiyanai. Mutumin da bai san wani gari ba! Ƙanwar Alhaji ta aiko ma Kawu a ɓoye, tac ce a zo da kamarar nan, ko ta hauka ta, a zo da ita.

Munka isa ranar Juma'ar da sahe, ni da Kawu bisa mashin, Dokta cikin mota. Zaure cike da dattawa. Malam Sahabi na rakuɓe bakin ƙohwa, kai ƙasa, na hango ƙullin kayanai cikin tsakar gida, an riga an ɗaure. Alhaji yad dube ni sama da ƙasa.

"Wanga ɗan kabu-kabun na likitan?"

Nic ce, "A'a Alhaji, ni mai hoto na. In kana da biki ma ina zuwa."

Bai yi dariya ba. Amma yac ce a ɗauka, don in kamara ta rasa abin hwaɗi, kowa shi san gaskiyatai.

Anka hito da Malam Garba, anka zamnar da shi bisa kujera. Nan aiki yat tsaya min ga wuya. Tsoho ba shi zama wuri guda. In kihe roba shi kau da kai. In ce, "Baba, dubi koren haske," shi ce, "Kai ɗan wa na?" In hwaɗa mai, shi sake tambaya. Nil luluɓa mai zane yaf fizge, wai wa yam mutu. Ja, ja, ja, Gwaggo har ta gaji da ni. Kawu yak karɓa, mutumin da yak koya min riƙon kamara, shi ma ja. Gumi ya jiƙa min riga. Rana na ɗagawa, an hwara shimhiɗa tabarmi masallaci. Alhaji na murmushi shina kaɗa makullin mota.

Nih hita shan iska, nid durƙusa kusa ga Malam Sahabi. Nic ce, "Malam, don Allah mi yar rage mai? Mi shike yi har yanzu da bai mance ba?"

Yac ce, "Duban wata. Ba shi sanin ranar mako, amma in wata ya kusa ƙarewa, da magariba sai shi tashi shi nuhi bayan masallaci. In riƙa mai sanda, shi tsaya shi kahe ido yamma, ko kibtawa ba shi yi."

Ko kibtawa ba shi yi! Jama'a, ji niy yi awa an kunna min hitila cikin kai.

Nik koma zaure nic ce a juya kujerar tsoho ta dubi yamma. Alhaji yac ce, "Wane tsahi na kuma wanga?" Dokta tac ce, "A bar shi." Nid durƙusa gaban Malam Garba, nic cire hula, niy yi murya irin ta mutanen kirki, wadda ni kaina ban san ina da ita ba.

"Allah shi gahwarta Malam. Akwai wani ɗan haske da munka gani, muna ta gardama. Wasu sun ce wata na, wasu sun ce ba shi ba na. An ce kai kaɗai ka raba mu."

Wallahi da kun ga tsohon nan. Bayanai yam miƙe. Yag gyara rawani. Yad dubi zauren awa wanda yad dawo daga tahiya, yac ce, "Ba a duban wata ba shaida. Ina Sahabi? Sahabi, taho ka riƙa min sanda."

Malam Sahabi yash shigo, yat tsaya ga damatai, yak karɓi sandar. Nil luluɓa muna zane, wanga karon bai fizge ba, yac ce, "Yawwa, hasken gari na ɓata gani." Munka zamna cikin duhun. Ban yi surutu ba, karo na farko a rayuwata. Nik kihe roba sannu. Ta madubin kamara nig ga ramin idon ya buɗe, ya tsaya cak bisa koren hasken, awa an kahe shi da ƙusa. Nid danna.

Nic ce, "Malam, a duba da ɗayar ijiyar, don a tabbatar."

Yac ce, "Haka ake yi. Yaron ga ya san aiki."

Nid danna na biyu. Niy yaye zane. Malam yam murza ido, yad dubi dattawa, yac ce da ƙarhi, "Wanga ba wata ba na. Wata ba shi kore. Kada kowa shi ɗauki azumi!"

Zaure yar rushe da dariya, wasu na dariya suna share hawaye. Hotuna kuwa tas, Kawu yac ce bai taɓa ganin masu kyawonsu ba. Ni kuwa na dai gyara kwalar riga.

Gwaggo tab ba da rawaya. Dokta tas sa anka hita, sai ita da tsoho da ɗiyanai. Tag gwada jininai, tay yi mai tambayoyinta na ƙwaƙwalwa, tat tambayi yadda abin yah hwara. Alhaji da kainai yac ce a dawo da dattawa, a hwaɗi gaban kowa. Tan nuna musu hoton: ga jijiyoyi sun ƙanƙance, ga ɗige-ɗigen jini. Tac ce hawan jini na da yad daɗe ba magani, kuma duk abin da tag gani ya yi kama da ciwon mantuwa na tsuhwa. Tac ce hoto kaɗai ba shi isa, sai an kai shi babban asibiti Birnin Kebbi an ƙara dubawa. Babu maganin da ke maido abin da yat tahi, amma ana iya tare jinin, kuma abin da tsoho yah hi buƙata shi na huskar da yas sani kusa da shi.

Duk anka waiga ga Malam Sahabi.

Alhaji yam miƙe, jijiyar wuya ta tashi. "Kun dai ji da kunnenku! Ni ɗanai na cikinai bai san sunana ba, sai na Sahabi. In ba asiri ba mi na? Mai asiri ba shi iya tsuke jijiya? Wagga kamara ma ƙarya take, kowa tag gani sai ta laƙa mai ciwo. Ga ni nan, lahiyata lau, buhun albasa nike ɗagawa da hannu guda. Kai yaro, ɗauke ni! Ka nuna ma kowa!"

Dokta tac ce, "Alhaji, sakamako sirrinka na."

Yac ce, "Ba ni da sirri!"

To. Nil luluɓa muna zane ni da Alhaji, warin albasa da turare ya kusa kashe ni ciki. Shi ba sai da wata ba, hushi kaɗai ya buɗe mai ido. Nid danna. Kahin in duba, yaf fizge wayar, yaɗ ɗaga ta sama shina juyawa da ita don kowa shi gani.

Rawaya.

Dokta taɗ ɗaura mai abin gwajin jini ga damtse, tad dubi lambar, tas sake gwadawa. Tac ce mai ba mantuwa gare shi ba, kainai garau, amma jininai ya hau ƙwarai, kuma jijiyoyin idonai sun hwara bin hanyar na babanai. Tac ce shi gode Allah an gani da wuri.

Abin da yab biyo baya kun san shi, don shi yas sa anka ɗauke ku aiki. Labari ya bi kasuwa, wanga karon da rigar kirki. Birnin Malam da awaki sunka tarbe mu, da munka koma sai da anka aro benci masallaci. Tsohwahhi na zuwa da ƙahwarsu, wai a duba musu wata. Alhaji Bello na shan maganinai, har shi ka aiko min da direbobinai in ɗauke su. Malam Sahabi na nan Jandutsi, in wata ya kusa ƙarewa ku je da magariba bayan masallaci, za ku ga mai riƙon sanda.

Amma ranar nan Alhaji bai sabka da sauƙi ba. Shina tsaye, abin gwaji na rataye ga damtsenai, ladan ya hwara kiran salla, shi kuwa bai janye rantsuwa ba. Yac ce, "Duk da haka! Wa yas sani ko ni ma hannu anka sa min?"

Kawu yat taka min ƙahwa, don ya san bakina. Ina! Ya makara.

Nic ce, "Ashsha, Alhaji. Shi Baba an ce don makaranta anka yi mai. To kai wace makarantar allo gare ka Aliero da Malam Sahabi ke son gada, ta albasa?"

Alhaji yad dubi dattawa, kowa ya sunkuyar da kai kahwaɗa na rawa. Sai yaj juya ga ƙanwatai yac ce, "Ke, je ki ce a kwance kayan nan."